Alƙawari Kaya Ne: Darasin Hokin Ƙanƙara Ga Ƙwallon Kaduna

Kafin wasan ƙwallon ƙafa ya koma hannun gwamnatocin jihohi a ƙasar nan, manyan ƙungiyoyi da yawa na ma'aikatu ne da kamfanoni. A Kaduna, cibiyar ma'aikatun tana hayin kogi ta kudu: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, da UNTL da Arewa Textiles da suka biyo baya, da ma'aikatar ƙera makamai ta DIC da aka kafa a Kakuri a 1964. Daga wannan ta ƙarshe ce ƙungiyar DIC Bees ta samo sunanta. Ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1983, daga baya ta koma hannun Alhaji Mukhtar Aruwa ta zama Ranchers Bees. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofunan ƙasashen Afirka, inda ƙungiyar garin Bizerte ta Tunisiya ta doke ta. A 1989 ta ɗauki kofin Afirka ta Yamma, a 1990 kuma matashin ɗan wasanta Daniel Amokachi ya wuce Club Brugge ta Beljiyam.

Akwai wani abu a tarihin nan da ba a cika tunawa da shi ba. Abiola Babes ce ta ci kofin ƙasa a 1987, ta doke Ranchers Bees a wasan ƙarshe, amma an rushe ta kafin ta wakilci Najeriya, shi ya sa gurbin ya faɗo wa Kaduna. Ƙungiyar da ta fi kowa ƙarfi a bana tana iya zama babu ita baɗi, idan aljihu guda ne ke ɗauke da ita. Ƙungiyoyin ma'aikatu su ma ba su daɗe ba: KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007. Kaduna United, wadda gwamnatin jiha ke riƙe da ita a lokacin, ta doke Enyimba ta ɗauki kofin ƙasa a 2010, bayan 'yan shekaru kuma ta faɗa ƙaramar gasa.

Ma'aikata, attajiri, gwamnati: an gwada ukun duka, kuma tambayar da ke ƙarƙashinsu ba ta canza ba. Idan kuɗi ya gaza abin da aka yi alƙawari, wa zai ɗauki asarar, kuma yaushe za a gaya masa? Amsa mafi tsari da na sani tana cikin wani wasa da ba a taɓa buga shi a gaɓar kogin Kaduna ba, wato hokin kan ƙanƙara na Amurka da Kanada.

Shekarar da ba a yi wasa ba

A wannan wasa, mutum shida ne daga kowane ɓangare ke kan daskararren ruwa, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe, suna kora ɗan faifan roba da sanda zuwa raga. Gudun yana da tsanani har ɗan wasa ba ya cika yin minti guda a ciki kafin a canza shi. A wasa na minti 60, gwanin 'yan gaba yakan yi wajen minti 20 ne kawai. Saboda haka ƙungiya ba ta tsira da tauraro ɗaya ko biyu. Kowane dare sai ta fito da mutum 20, biyu masu tsaron raga, 18 kuma duk za su taka ƙanƙara.

Babbar gasar ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32, bakwai a Kanada, 25 a Amurka. A farkon wannan ƙarni ta shiga mawuyacin hali. Ƙungiyar Pittsburgh ta tsiyace a 1998, Ottawa da Buffalo suka bi ta a 2003. Wani bincike da hukumar gasar ta sa Arthur Levitt ya yi ya ce a kakar 2002-03 ƙungiyoyin sun yi asarar dala miliyan 273, kuma wajen kashi 75 cikin 100 na kuɗin shigarsu ya tafi ga albashin 'yan wasa. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan ba ta yarda da lissafin ba. Masu ƙungiyoyi, ƙarƙashin shugaban gasar Gary Bettman, suka kulle ƙofa. Kakar 2004-05 gaba ɗayanta ta wuce ba a buga wasa ko ɗaya ba.

Sulhun da aka yi a 2005 shi ya haifi iyakar albashi. A kakar farko, babu ƙungiyar da za ta kashe fiye da dala miliyan 39 a kan 'yan wasanta, babu kuma wadda za ta kashe ƙasa da miliyan 21.5. Ɗan wasa guda ba zai karɓi fiye da kashi 20 cikin 100 na iyakar ba. Adadin kuwa ba da ka ake yanke shi ba: ana tara kuɗin da gasar ta samu daga tikiti da talabijin da talla, a ware wa 'yan wasa kasonsu, wanda tun daga 2013 ya tsaya a kan rabi da rabi. Ana kuma riƙe wani ɓangare na albashin kowa a ajiye har a gama lissafin shekara. Idan kuɗin shiga ya gaza hasashe, daga ajiyar ake cike giɓin. Lokacin annobar korona, abin da aka riƙe ya kai kashi 20 cikin 100, iyakar kuma ta tsaya cak a kan miliyan 81.5 kaka uku a jere. Da kasuwa ta farfaɗo, ta hau miliyan 88 a 2024-25, sannan miliyan 95.5 a 2025-26.

Sai ginshiƙin da ya fi sauran nauyi. Kwantiragi a wannan gasa tabbatacce ne. Idan ƙungiya ta sa hannu a kan dala miliyan 40 na shekara biyar, miliyan 8 za su hau kan lissafinta kowace shekara har wa'adin ya cika, ko ɗan wasan yana haskakawa ko ya dusashe.

Wanda za a riƙe da wanda za a saki

A nan ne ƙa'idar ke taɓa fata. Chicago Blackhawks ta ɗauki Kofin Stanley a 2010, karo na farko tun 1961. Murna ba ta gama lafawa ba ta fara rabuwa da waɗanda suka ciyo mata shi, domin lissafinta ya haura iyaka. Dustin Byfuglien da Andrew Ladd suka tafi Atlanta, Kris Versteeg ya tafi Toronto, mai tsaron raga Antti Niemi kuma ta ƙi biyan ƙarin da aka yanke masa, ya koma San Jose. Ta riƙe 'yan ƙalilan da ta ɗauka su ne ƙashin bayanta, irin su Jonathan Toews da Patrick Kane da Duncan Keith, ta kewaye su da matasa masu ƙaramin albashi. Ta sake ɗaukar kofin a 2013 da 2015.

Toronto Maple Leafs ta bi wata hanya dabam. Daga 2019, 'yan gabanta huɗu, Auston Matthews da John Tavares da Mitch Marner da William Nylander, sun cinye kusan dala miliyan 40.5 daga cikin 81.5. Rabin tukunya ke nan ga mutum huɗu, sauran rabin ga kusan mutum 19. Shugabanninta sun yi zaton iyakar za ta ci gaba da hawa, sai annoba ta tsayar da ita. Ƙungiyar ta riƙa cin wasanni a tsakiyar kaka, tana faɗuwa da wuri a zagayen sili ɗaya ƙwale. Rabonta da kofin tun 1967.

Minnesota Wild kuwa ta ɗauki Zach Parise da Ryan Suter a 2012, kowannensu dala miliyan 98 na shekara 13. A 2021 ta ga ƙarfinsu ya ja baya, ta fanshi ragowar kwantiragin ta sallame su. Doka ta yarda da haka, amma da tsada: a kakar 2023-24 da ta bayanta, fiye da dala miliyan 14 na iyakarta a kowace shekara sun tafi a kan mutum biyun da ba sa sa mata riga. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba a rasa masu neman kafar zillewa ba. A 2010 New Jersey ta rubuta wa Ilya Kovalchuk kwantiragin shekara 17 a kan dala miliyan 102, ta jera shekarun ƙarshe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba don matsakaicin ya sauko. Hukumar ta soke shi, ta ci tarar ƙungiyar dala miliyan 3, daga baya kuma aka taƙaita tsawon kwantiragi. A 2021 Nikita Kucherov na Tampa Bay ya yi jinyar tiyata duk tsawon kaka, wanda ya bai wa ƙungiyar damar kashe kwatankwacin albashinsa a kan wasu, sannan ya dawo daidai lokacin zagayen ƙarshe da iyakar ba ta aiki a cikinsa, suka ɗauki kofi. Sabuwar yarjejeniyar 2025 ta toshe wannan kafa. Abin lura shi ne duk waɗannan dabaru a bainar jama'a aka yi su. Albashin kowane ɗan wasa sananne ne, ɗan kallo mai wayar hannu yana iya bin lissafin ƙungiyarsa dala bayan dala, shi ya sa kowace dabara ba ta daɗewa kafin a yi mata doka.

A duk misalan nan, an rabu da gwanaye, an ɓata ran magoya baya, an kori manajoji. Amma Niemi da ya bar Chicago ba ya bin ta ko sisi, Parise da Suter kuma suna karɓar kuɗinsu a kan kari. Ƙarancin kuɗi ya faɗa kan shugabanni, ya tilasta musu zaɓi mai ɗaci kafin a fara kaka.

Yadda muke yi a nan

Mu ma muna da iyakar albashi, sai dai tamu ɓoyayyiya ce, kuma ba a sanin inda take sai an yi karo da ita. Mafi yawan ƙungiyoyi 20 na babbar gasar Najeriya na gwamnatocin jihohi ne. Kafin a fara kaka, shugabannin ƙungiya sukan ɗebi 'yan wasa bisa kuɗin da aka rubuta a kasafi, ko wanda aka yi musu alƙawari da baki. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya san tazarar da ke tsakanin abin da aka amince da shi da abin da aka saki. Idan aka kai tsakiyar kaka kuɗi bai fito ba, ba a sallami kowa ba, ba a kuma biya kowa ba. Albashi ya zama bashi, alawus ɗin wasa ya zama sai an gani. A shekarun baya 'yan wasan FC Taraba sun kai ga zaman dirshan a ƙofar gidan gwamnati a Jalingo don neman haƙƙinsu, kuma ba su kaɗai ne suka taɓa ɗaga kwali a kan wannan ba.

Wannan ma zaɓi ne, amma na ragwanci. Shugaban da ke da kuɗin mutum 22 ya ɗauki 35 bai taimaki ƙarin 13 ɗin ba. Ya raba yunwa ne ga 35 duka. Kuma ɗan ƙwallo ba kamar ma'aikacin ofis ba ne da zai jira ariyas har ya yi ritaya. Shekarun cin abincinsa ba su cika wuce goma ba, rauni guda a gwiwa yana iya rufe su. Kakar da ya buga a bashi ta tafi ke nan. Mutumin da ke bin albashin wata huɗu kuma shi ne ya fi sauƙin saye a ranar da wani ya zo da tayin sayar da wasa.

An yi ƙoƙarin gyara. A tsakiyar shekarun 2010 kamfanin LMC mai gudanar da gasar ya ƙayyade mafi ƙarancin albashi a kan naira 150,000 a wata, ya kuma nemi a daina dogaro da kuɗin sa hannu, wanda sau da yawa ba a cika biyansa. A lokacin dala ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, don haka kuɗin ya haura dala 750. Zuwa 2024, da dala ta haura naira 1,500, wannan adadi bai fi dala 100 ba. Dokokin lasisin ƙungiyoyi na hukumar CAF su ma sun hana shiga gasa da bashin 'yan wasa a wuya. Dokoki muna da su. Abin da babu shi ne lissafin da kowa ke gani, da hukuncin da zai sauka kafin ɓarna ta auku.

Abin da masu suka za su ce

Za a ce iyakar albashi makamin masu kuɗi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. A sulhun 2005 sai da 'yan wasan hoki suka yarda aka zabge kashi 24 cikin 100 na kwantiragin da ke hannunsu, darajar ƙungiyoyin kuwa ta ninka sau da yawa tun daga lokacin, ribar kuma ta masu su ce. A ƙasar da ɗan wasa ke neman abin sawa a bakin salati, kawo maganar taƙaita albashi kamar ƙara wa mai zazzaɓi bargo ne da rana tsaka.

Za a kuma ce yanayin bai zo ɗaya ba. Gasar NHL rufaffiya ce, ba a faɗuwa daga cikinta, kuma babu wata gasar hoki a duniya da ke biyan abin da take biya, don haka ɗan wasan da bai gamsu ba ba shi da wurin da ya fi. Namu kuwa ƙofa a buɗe take: Tanzaniya da Masar da Maroko da ƙananan gasannin Turai duk suna jiransa. Idan aka yanke adadi guda aka ce Kano Pillars da Enyimba da Remo Stars kada su wuce shi, gwanayen ne za su ƙara saurin ficewa.

Na yarda da sukar nan biyu, shi ya sa ba adadi guda nake kira a yanke wa kowa ba. Sifaniya, wadda gasarta ke da faɗuwa da hawa kamar tamu, tun 2013 take yanke wa kowace ƙungiya tata iyakar gwargwadon kuɗin shigarta da bashinta. Masu cika gidajen kallon ƙwallo na Kakuri da Makera da Barnawa sun ga aikin wannan doka da idonsu a watan Agustan 2021, lokacin da Barcelona ta kasa yi wa Lionel Messi rajista duk da ya yarda a rage masa rabin albashi. Dokar da ta iya hana Barcelona riƙe Messi ba za ta gagara a kan ƙungiyar jiha ba, in akwai niyya.

Daidai ruwa daidai tsaki

Abin da ya kamata mu ɗauka daga hoki shi ne tsarin da ke sa alƙawari ya yi nauyi. Da farko, kafin a buɗe rajista, kowace ƙungiya ta nuna kuɗin da ke hannunta tabbas: wanda gwamnati ta riga ta saki, da kwantiragin talla da aka sa wa hannu, da abin da ƙofa ta kawo bara. Daga wannan za a fitar da iyakarta. Takardar amincewar gwamna ba kuɗi ba ce sai ta shiga asusu.

Na biyu, bashi ya riƙa bin ƙungiya kamar yadda ya bi Minnesota. Duk nairar da ɗan wasan bara ke bi a cire ta daga iyakar bana, ko da an canza shugaban ƙungiya, ko da an canza gwamna. A yanzu sabon shugaba yakan ce ba shi ya ci bashin ba, ya ɗebo sababbin 'yan wasa, tsofaffin su kama hanyar kwamitin sasanci.

Na uku, a ajiye albashin wata uku a hannun hukumar gasa kafin wasan farko. A hoki, kuɗin 'yan wasa ake riƙewa don kare masu ƙungiya, domin can kasuwa ce abin tsoro. A nan mai ƙungiyar ne abin tsoro, don haka kuɗinsa ya kamata a riƙe. Ranar da albashi ya makara, a biya daga ajiyar, a kuma rufe wa ƙungiyar rajista har ta mayar.

Na huɗu, mafi ƙarancin albashi ya riƙa tafiya da tsadar rayuwa, a riƙa duba shi kowace kaka, kuma wakilan 'yan wasa su zauna a teburin da ake lissafin. Jimillar albashin kowace ƙungiya a buga ta kowa ya gani, tunda mafi yawansa dukiyar jama'a ce.

Ƙungiyar Kaduna da ta bi wannan tsari wataƙila ba za ta iya ɗaukar fiye da mutum 23 ko 25 ba, kuma ba za ta iya gasar farashi da jihohin mai ba. Dole ta yi abin da Chicago ta yi: ta zaɓi huɗu ko biyar ta riƙe su da daraja, ta cike sauran guraben da matasa. A nan kuwa Kaduna ba ta da abokin gasa da yawa. A tawagar da ta ciyo zinare a Atlanta a 1996, Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro duk haifaffun garin nan ne, kuma Sadiq Umar ya nuna rijiyar ba ta ƙafe ba. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa ga ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Wannan kuɗi yana zuwa ne ga mai takardu tsaf, wanda ya yi wa yaro rajista ya kuma biya shi. Remo Stars, ƙungiyar ɗan kasuwa da ta gina makarantar rainon 'yan wasa a Ikenne, ta ɗauki gasar ƙasa a 2025.

Mazauna kudancin kogin nan ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan albashin da aka yi alƙawari ba a biya ba. Tsofaffin ma'aikatan masaƙu sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba. Jikokinsu ne yau ke buga ƙwallo a filayen makarantun Kakuri da Nasarawa da Sabon Tasha. Gaya wa ɗayansu a watan rajista cewa babu gurbi yana da zafi, amma zai tafi da ƙafafunsa da lokacinsa ya nemi wani wuri. Duk shugaban ƙungiyar da ba zai iya furta wannan magana a kan lokacinta ba, bai kamata a ba shi alƙalamin sa hannu a kwantiragin ɗan kowa ba.